Ranar da Mabuɗi Ya Ƙi Loduwa a Babura

Ko na tsufa na fara neman tabarau alhali yana kan hancina, ba na jin zan manta da ranar rabon irin gyaɗa a Babura. Shekaru sun ɗan ja yanzu. Na yi ayyukan da suka fi wancan girma, na kuma sha kunyar da ta fi waccan zafi, amma babu ranar da nake tunawa in kama dariya ni kaɗai kamar wannan. Matata har ta saba. In ta ga ina murmushi gaban kwamfuta ba dalili, sai ta ce, "An koma Babura ke nan."

Lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta a Kazaure ba. Ina zaune a gida, ba aikin fari ba na baƙi, sai 'yan rubuce-rubucen manhaja da babu wanda ya sa ni. A unguwarmu kuwa duk wanda ya karanci kwamfuta mai gyaran waya ne, ba su san wani bambanci ba. Mace za ta aiko min da wayar da ta faɗa cikin tukunyar miya, in na ce ba fannina ba ne a ce karatun ya sa ni girman kai. Ni kuma Allah ya yi ni da saurin fushi, ba na iya haɗiye magana, don haka na ɓata da mutane da yawa a kan wayoyin da ban taɓa ba.

Mutum ɗaya ne ya yarda cewa na iya wani abu, ko da yake shi ma bai san mene ne abin ba. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, shugaban wata haɗakar manoma da ta tattara ƙauyuka daga Kazaure da Roni da Gwiwa har Babura. Dattijo ne mai tsabta da tsari, hularsa ba ta karkacewa. In ya tare ka da gaisuwa a bakin kasuwa, sai ya tambayi gida, da iyali, da gajiya, da sanyi, da mai jiki ko da babu mara lafiya, kafin ya faɗi abin da ya tsayar da kai.

A shekarar nan wata ƙungiya ta ce za ta bai wa manoman haɗakar irin gyaɗa mai saurin nuna. Sai dai ta gindaya sharaɗi. A baya an taɓa irin wannan rabo, wasu suka buga katin jabu suka kwashe buhuna, aka riƙa ganinsu a kasuwa, masu gona na gaskiya suka koma hannu wofi. Saboda haka ƙungiyar ta ce wannan karon ko ƙwaya ɗaya ba za ta fita ba sai an tantance katin kowa da waya. Suna cikin tunanin wanda zai yi musu manhajar, kawu ya miƙe a taro ya ce, "Ɗan ƙanwata zai yi." Ko tambayata bai yi ba. Da yamma ya zo gida ya shaida min kamar wanda ke faɗin an sa ranar suna.

Bari in ɗan bayyana yadda abin yake, don labarin a nan yake. Mabuɗi biyu ne 'yan'uwan juna. Ɗaya na sirri ne, yana ofishin ƙungiyar, da shi ake buga wa kowane kati hatimi a cikin ɗan zanen nan mai ɗige-ɗige baƙi da fari. Ɗayan ba sirri ba ne, shi ake sawa a wayoyin masu tantancewa, aikinsa kawai ya duba hatimin ya ce na gaske ne ko jabu. In na ce mabuɗi kada ka hango ƙarfe. Dogon rubutu ne, haruffa da lambobi a cakuɗe, an kewaye shi da wasu alamomi biyu masu kama da baka, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe.

Lissafin hatimin kuwa ba ni na ƙirƙira ba, ban isa ba. Akwai abin da muke kira laburare, wato tarin umarnin da wasu gwanaye suka riga suka rubuta, suka bari kowa ya ɗauka ya yi aiki da shi. Nawa aikin shi ne manhajata ta ajiye mabuɗin a ma'ajiyar waya, duk sa'ad da aka buɗe wurin tantancewa ta ɗauko abin da ke ajiye ta miƙa wa laburaren ya loda. Shi kuma laburaren nan ba shi da wasa. Harafi ɗaya ya ƙaru ko ya ragu, zai ce bai san zancen ba. Ban ga laifinsa ba, don haka aka gina shi.

Na gama manhajar, aka tara wakilan ƙauyuka a Kazaure, na sa wa kowa a wayarsa. Yawancinsu dattawa ne, wayoyin duk sun sha duniya, wata gilashi a fashe, wata an ɗaure ta da robar tayar keke. Ranar mabuɗin bai fito daga ofishin ƙungiyar ba tukuna, sai na nuna musu wani akwati a cikin manhajar na ce, "In saƙo ya zo muku, ku danna shi ku riƙe, ku kwafa, ku manna a nan, ku danna ajiye. Shi ke nan." Muka gwada da wani rubutu na wasa, kowa ya iya. Bayan 'yan kwanaki mabuɗin ya zo. Na manna a tawa wayar, na gwada da katin gwaji, ya yi tsaf. Sai na tura wa kawu, tunda shi ke da lambar kowa, na ce ya yaɗa. Da yamma ya kira ni ya ce kowa ya samu, kowa ya manna. Na kwanta ina jin kaina wani babban mutum.

Ranar rabo na hau ƙaramar bas da sassafe, kwamfutata a jaka. Ba don ina tsammanin matsala na ɗauke ta ba, don dai a ganni da ita ne. An yi ruwa mai kyau a kwanakin, ƙasa ta jiƙu, ko'ina ka duba ana huɗa. Kowa hankalinsa yana gona. A wani fili da ke gefen gari aka tsayar da motar irin, babbar mota shaƙe da buhuna an rufe da tamfol. Mutane sun cika wurin, maza a gefe mata a gefe, babura an jera su ƙarƙashin darbejiya, masu amalanke suna jiran lodi. Wakilai kuma an ba su benci, kowanne da layin mutanen ƙauyensa a gabansa.

Jami'ar da ƙungiyar ta turo wata Hajiya ce mai gilashi, mai magana a hankali amma ba ta maimaitawa. Tun kafin a fara ta tara mu ta ce, "Ku ji da kyau. Katin da waya ba ta amince da shi ba, ba buhu. Ba ni na kafa dokar ba, kuma ba ni da ikon karya ta. Motar nan haya ce, bayan la'asar direba zai tafi. Abin da ya rage a ciki zai koma sito a birni, kuma ban san ranar da za a sake fitowa da shi ba." Kowa a wurin ya san ma'anar wannan. Kafin a sake shirya wata mota lokacin shuka ya wuce.

Ina tsaye ina gyara wuyan riga sai na ji an ja ni ta baya. Wata tsohuwa ce daga wajen Roni, ƙawar kakata, wadda tun ina yaro take kirana mijinta irin na wasan jika da kaka. Ita ke noma 'yar gonarta da kanta tun rasuwar maigidanta, tana kuma yin ƙuli-ƙuli.

"Mijin nan nawa," ta ce, "an ce kai ne mai injin da zai ba mu iri?"

Na ce, "Ni ne, Iya. Yau za ki san kin yi dacen miji."

"To ka yi da kyau. Irin da na ajiye na bara duk na soye na yi ƙuli da shi, tunda kawunka ya ce sabo na zuwa. In ban samu yau ba, gonata sai dai ta yi ciyawa, kai kuma in sake ka a gaban mutane."

Muka yi dariya, na ce ta kwantar da hankalinta. Wallahi da na san abin da ke tafe da ban buɗe baki haka ba.

Aka yi addu'a, Hajiya ta ce bismillah a fara. Kawu ne ya fara, don shi ne shugaba. Ya ɗaga wayarsa yadda kowa zai gani, ya danna wurin tantancewa. Maimakon kyamara ta buɗe, sai ga jan rubutu da Turanci. Ya miƙo min ya ce, "Injiniya, me take cewa?" Na karanta. Laburare ne ke magana, ma'anar abin da ya ce ita ce, abin da aka ba ni ba mabuɗi ba ne. Na ce wa kawu ƙila wayarsa ce ta gaji, na kashe na kunna. Jan rubutun ya dawo. Kafin in ɗago, wakilin Gwiwa ya ce tasa ma ta yi ja. Na Kanya Babba ya ce tasa ma. Haka aka bi bencin nan kaf, babu wayar da ta buɗe.

Na ciro tawa na gwada katin mutumin da ke gaba. Nan take ta yi kore. Sai abin ya ƙara ɗaure min kai, domin manhaja ɗaya ce, mabuɗi ɗaya ne. Hajiya ta dubi dogon layin, ta dubi wayata guda ɗaya, ta ce, "Da wannan kaɗai ko rabin mutanen nan ba za mu gama ba kafin la'asar." Gaskiya ta faɗa. Na ba ta wayar tawa ta fara rage layi, ni kuma na koma gefe da wayar kawu.

Na zargi komai. Na zargi tsufan wayoyin, na zargi agogonsu, na zargi sabis, don a wurin nan waya takan kama na Nijar ta sake ta kama namu. Har laburaren na zaga a zuciyata, shi da waɗanda suka rubuta shi. Mutane kuma sun fara guna-guni. Wani ya ce dama shi bai yarda da harkar waya ba. Wani ya ce ai yaron ko gyaran waya ma bai iya ba, ya taɓa mayar wa matarsa da tata. Na ji shi sarai, na kuma gane muryar, amma na daure. Direba ya shimfiɗa tabarma a inuwar motarsa ya kwanta, ya rufe fuska da hula, alamar shi dai la'asar yake jira.

Da dabara ta ƙare sai na haɗa wayar kawu da kwamfuta, na ce bari in ga ainihin abin da ke ajiye a ma'ajiyar, da idona. Na buɗe. Ga abin da na gani a saman mabuɗin:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan kowa ya tashi lafiya, ya iyali, ya aikin gona. Allah ya ba mu damina mai albarka. Ga abin da yaron nan ya ce a manna."

Sannan mabuɗin, lafiyarsa ƙalau, ko ɗigo bai ɓace ba. A ƙarƙashinsa kuma: "Na gode, Allah ya bar zumunci. Naku, shugaba."

Nan na gane abin da ya faru. Kawu bai tura saƙona yadda na turo ba. Ya kwafe shi, ya yi masa sallama a sama da godiya a ƙasa, ya aika, sannan shi ma ya kwafi nasa saƙon gaba ɗaya ya manna a wayarsa. Na karɓi wayar wakilin Gwiwa na duba. Tasa ta fi tsawo, don ba daga kawu ya samu kai tsaye ba, ta hannun na Roni ta biyo, shi ma ya ɗora tasa gaisuwar a kan ta kawu, har da tambayar ko ɗan maraƙin nan ya warke. Ta wakilin Kanya Babba kuwa gaisuwa hawa-hawa ce, sai da na yi ta ja kafin in iso mabuɗin. Duk wannan manhajata ta tattara ta miƙa wa laburare ta ce ga mabuɗi. Shi kuma bawan Allah ya buɗe ya ci karo da maraƙi.

Dariya ta zo min, fushi ma ya zo, suka haɗu a maƙogwaro. Fushin ne ya riga fita. Na ce, "Kawu! Wa ya ce a ƙara wani abu? Cewa na yi a manna kawai!"

Ya dube ni ta saman ido, kallon da tun ina yaro yake sa ni in gyara zama. Ya ce, "Me aka ƙara?"

Na sassauta murya. "Gaisuwa, kawu. Ita ce ta hana shi aiki."

"Gaisuwa ce ƙari?" Ya juya ga sauran dattawan. "Kun ji fa. Wai sallama ce ta ɓata masa inji."

Na ce ba komai, gyaran mai sauƙi ne, a goge gaisuwar a bar mabuɗin. Na ɗauki wayarsa na sa yatsa zan fara gogewa. Caraf ya riƙe min hannu.

"Sallamar za ka goge? Da sunan Allah a ciki, da addu'ar damina? Kai, ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Sallama amsa ta ake yi, ba a share ta."

Sauran wakilan da suka ji haka, kowa ya janye wayarsa ya rungume. Wani tsoho daga cikinsu har ya sa tasa a aljihun gaba ya dafe. Na duba rana, ta wuce tsaka. Na hango Iya a layin mata ta zauna a kan zanenta, ta daina wasa, ta zuba wa motar ido kawai.

Na sake dabara. Na ce to ba za a goge komai da hannu ba, zan turo sabon saƙo, mabuɗi zalla, a manna shi. Wani wakili mai matsakaicin shekaru, wanda na ga kamar ya fi sauran sabawa da waya, ya yarda a fara da shi. Na ari wayata daga hannun Hajiya na tura, sabis ya ɗan leƙo, saƙon ya shiga. Na ce, "Yauwa, kafin sabis ya gudu, tura wa Baba na kusa da kai." Ina tsaye a kansa, ina kallo da idona, mutumin nan ya manna mabuɗin, ya koma sama, ya fara rubuta "Salamu alaikum Baba, barka da rana."

Na ce, "Malam! Yanzu fa muka gama magana!"

Ya ɗago da mamaki na gaskiya a fuskarsa. "Haba, Injiniya. Wannan fa sa'an mahaifina ne. In tura masa abu haka gatsau, kamar na jefa wa kaza tsaba?"

"Ga shi nan kusa da kai a zaune! Tun safe kuke tare!"

"To ai a waya ban gaishe shi ba."

Wurin ya fashe da dariya, har Hajiya sai da ta cire gilashi ta share ido. Ni ma na kasa riƙewa. Kuma a cikin dariyar nan ne abin ya faɗo min. Mutanen nan ba kuskure suka yi ba da za a gyara yau a huta. Hannunsu ba zai iya tura saƙo tsirara ba, ko na yi ta ihu har magariba. In na ci nasara a kansu yau, gobe a wani rabon za a sake, baɗi in an canza mabuɗi a sake. Manhajar kuwa ni na rubuta ta, kuma ita ba ta da kawun da zai riƙe mata hannu.

Na ce wa Hajiya ta ba ni ɗan lokaci. Batirin kwamfutata ya kusa ƙarewa, sai na ruga rumfar wani mai cajin waya da ke bakin hanya, janaretonsa yana ta ƙara. Ya matsar da wayoyin mutane ya ba ni soket, na zauna a kan buhun gawayi na buɗe aikin. Gyaran bai kai tsawon gaisuwar kawu ba. Na rubuta cewa, in an ɗauko abin da ke ajiye, kada a miƙa wa laburare duka. A nemo alamar bakan nan ta farko, a nemo ta ƙarshe, abin da ke tsakaninsu shi kaɗai za a miƙa. Sauran a bar shi a inda yake, kada a taɓa ko harafi.

Na kusa rufewa sai maganar kawu ta dawo min, wai sallama amsa ta ake yi. Na ce to, bari in cika masa. Na ƙara layi biyu: in manhaja ta tarar da rubutu kafin mabuɗi, ta fara nuna amsa a fuskar waya, sannan ta buɗe kyamara. Na haɗa sabuwar manhajar, ina addu'a kada janareto ya mutu, don yana ta tari kamar zai shiɗe. Bai mutu ba.

Na dawo da gudu, takalmina ɗaya ya kusa zama a cikin taɓo. Hajiya ta tare ni kafin in isa benci. Ta ce, "Tsaya. Ba dai sassauta tsaron ka yi ba don a samu a wuce? In haka ne gara motar ta koma."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ban taɓa laburaren ba, yana nan da tsaurinsa. Zaure kawai na yi masa. Baƙo ya tsaya a can a gaisa, mabuɗi kaɗai ke shiga ciki."

Ta ce sai ta gani. Tana da wani katin jabu na rabon baya da take yawo da shi a jaka don irin wannan. Na tura sabuwar manhajar wayar kawu, kai tsaye daga kwamfuta ba sai da sabis ba. Dattawa suka kewaye shi. Ya gyara hula, ya danna wurin tantancewa. Wayar ta ɗan yi shiru. Sai ga rubutu, ba ja ba, da manyan haruffa: "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiya lau. Bismillah, kawo kati."

Kawu ya karanta a bayyane, a hankali, kamar mai karanta wasiƙar surukai. Ya ɗago ya dubi jama'a ya ce, "To. Yanzu ta yi hankali."

Hajiya ta miƙa katin jabun, waya ta yi ja ta ƙi. Aka miƙa na gaske, ta yi kore. Hajiya ta ce, "A sauke tamfol gaba ɗaya." Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Daga nan sai aiki ya kankama. Na bi benci ina sa wa kowa, kowane dattijo kuma sai ya tsaya ya karanta amsar sallamarsa tukuna, wani har ya ce "madalla" kafin ya karɓi kati. Tsohon nan da ya dafe aljihu ya fito da tasa da kansa, ya ce in sa masa mai gaisuwar. Wakilin Gwiwa ya yi ƙorafi wai ba ta tambaye shi jikin maraƙi ba. Layuka suka riƙa tafiya, buhuna suna sauka, masu amalanke suna rige-rige. Direba ya tashi daga barci ya ga motarsa ta yi rabi, ya tambaya ko an yi sata ne.

Ana kiran la'asar ana sauke buhunan ƙarshe. Iya tana cikin na bayan, don ta ce ƙafarta ba ta son turereniya. Ni da kaina na karɓi katinta na nuna wa wayar kawu. Da ta yi kore sai na ji idona ya kawo ruwa, na yi kamar ƙura ce. Ta dafa buhunta, ta shafa shi, ta dube ni ta ce, "To, auren bai mutu ba. Amma ka sani, saura ƙiris." Wani jikanta ya ɗaura buhun a bayan babur, ta hau, suka kama hanyar Roni. Washegari da safe ta shuka.

A hanyar komawa Kazaure muna mota ɗaya da kawu. Na zaci zai yi min faɗan ɗaga murya da na yi a gaban mutane. Bai yi ba. Sai da muka yi nisa ya ce, "Wannan laburaren naka, mutanen ina ne suka yi shi?" Na ce mutanen ƙasashe ne daban-daban, ban san su ba. Ya jinjina kai ya ce, "Allah sarki. A gaishe su dai."

Abin da ranar nan ta koya min ban same shi a aji ba. A makaranta an koya mana yadda ake ajiye mabuɗi da yadda ake loda shi, amma ba a ce mana tsakanin ajiyewa da lodawa akwai hannun mutane ba, kuma hannun nan yana da tarbiyyarsa. Tun daga lokacin, kafin in rubuta layin da zai karɓi wani abu daga wurin mutum, nakan tambayi kaina ta hannun wa zai biyo, kuma me mutumin ba zai iya bari ba ko an hana shi. Tsaro ba na sassauta shi ko kaɗan, abin da ya kamata a ƙi a ƙi shi. Amma in abin da na gina ya tilasta wa dattijo ya zaɓa tsakanin ladabinsa da irin shukarsa, to ba dattijon ne ke buƙatar gyara ba, aikina ne bai ƙarasa ba.